Tawayen Toma a Daular Rumawa, 821 zuwa 823

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai da ke zaune a gaba, 'yan'uwana ɗalibai, barkanmu da yamma.

Yau ƙasar Rumawa za mu je, Rumawan nan da sura ta talatin ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansu. Babban birninsu shi ne Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau. Lokacin kuwa zamanin Halifa Ma'amun ne, ɗan Haruna Rashid. Labarin wani soja ne mai suna Toma, wanda ya tashi da rundunar da ta fi ta sarki yawa, ya samu jiragen ruwa, ya samu kuɗin haraji, ya samu goyon bayan Bagadaza, amma ya mutu mutuwar wulaƙanci. Abin da nake so mu gano tare shi ne inda wannan ƙarfi duka ya tafi.

Sai mun koma shekarar 803 kafin mu fahimce shi. A shekarar ne wani babban kwamanda mai suna Bardanis ya yi wa Sarki Nikiforos tawaye. A cikin yaransa akwai hafsoshi uku: Liyo, Ba'armene, Mika'ilu, mutumin garin Amuriyya, da Toma, wanda asalinsa daga ƙabilar Silaf ne, haifaffen arewacin Anatoliya. Da tafiya ta yi tafiya, Liyo da Mika'ilu suka bar ubangidansu suka koma wajen sarki, aka saka musu da muƙamai. Toma shi kaɗai ya tsaya, shi ya sa shekaru goma ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. A 813 Liyo ya hau gadon sarauta, ya tuna da tsohon abokinsa, ya ba shi shugabancin wata runduna a Anatoliya.

To, ku saurari yadda Mika'ilu ya zama sarki, don nan ne zuciyar maganar. A jajibirin Kirsimeti na 820 aka kama shi da laifin ƙulla wa Liyo makirci, aka yanke masa hukuncin kisa. Matar sarki ta roƙi a jinkirta saboda alfarmar ranar. Da asuba mutanen Mika'ilu suka shiga cocin fada cikin tufafin masu waƙar ibada, takubba a ɓoye, suka sassare Liyo a wurin ibadarsa. Aka fito da Mika'ilu daga kurkuku aka ɗora shi kan karaga, mari na nan a ƙafafunsa ba a riga an kwance ba. Wannan shi ne mutumin da tarihi ya kira sarki, Toma kuma aka kira shi ɗan tawaye. Ni dai, jama'a, ban ga abin da ya sa haƙƙin Mika'ilu ya fi na Toma ba, in ban da cewa shi yana cikin birni, Toma yana waje. Shi kansa Mika'ilu ya san da wannan rauni. A wasiƙar da ya aika wa Luwis sarkin Faransawa a 824, ya nuna cewa tun Liyo na da rai Toma ya fara tawaye, don kada kowa ya ɗauke shi mai neman fansar jinin sarkin da aka kashe.

A lokacin an raba Anatoliya lardi-lardi, kowane lardi da sojojinsa da kwamandansa, sojojin kuma galibi manoma ne masu gonaki a cikin lardin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Yawancin lardunan suka bi Toma. Biyu suka ƙi: Obsikiyon, wanda Katakilas, ɗan'uwan Mika'ilu, ke riƙe da shi, da Armeniyakon na wani kwamanda Olbiyanos. Masu karɓar haraji suka juyo da kuɗi wajen Toma, ya riƙa rabawa hannu sake. Rundunar ruwa ta kudancin Anatoliya ita ma ta sallama masa.

Saura bayansa. Ba zai nufi yamma ya bar iyakar gabas a buɗe ba, don haka ya daidaita da Ma'amun. Halifa a lokacin yana fama da tawayen Babak a duwatsun Azarbaijan, kuma yaƙin basasa tsakanin Rumawa hutu ne a gare shi. Ya yarda Toma ya ɗebi mayaƙa daga ƙasashensa, ya kuma bari aka naɗa shi sarki a Antakiya, garin da ke hannun Musulmi, babban limamin Kirista na garin mai suna Ayuba ya ɗora masa kambi. Wannan yarjejeniya ta ba shi mutane, amma ta ba Mika'ilu abin faɗa. Daga ranar nan fada ta riƙa cewa ga wanda ya jawo baƙi su ci ƙasar Kirista. Marubutan Rumawa, waɗanda suka rubuta labarin fiye da shekaru ɗari bayan faruwarsa, sun ce rundunarsa ta kai mutum 80,000, suka jera ƙabilu iri-iri a cikinta don su nuna ba yaƙin 'yan gida ba ne.

Kuskuren Toma na farko shi ne barin lardunan nan biyu a bayansa ba tare da ya murƙushe su ba. Ya ɗauki wani saurayi ya mai da shi ɗansa kuma magajinsa, ya ba shi suna Kustantiyos, ya bar masa runduna. Kafin Toma ya ƙetara zuwa ɓangaren Turai ta wajen garin Abidos, sai Olbiyanos ya yi wa yaron kwanton ɓauna ya kashe shi, aka aika wa sarki da kansa. Toma ya sake ɗaukar wani, tsohon mai zaman zuhudu, Anastasiyos. A watan Disamba na 821 ya sauka a gaban Kustantiniyya.

Bari in tsaya kan ganuwar nan, domin ita ce ta ci yaƙin. An gina ta tun zamanin Sarki Tiyodosiyos na biyu, a ƙarni na biyar. Ta ɓangaren tudu akwai gwalalo mai faɗi, bayansa ganuwa, bayan wannan kuma wata ganuwar da ta fi ta tsawo da kauri, da hasumiyoyi jere. Sauran ɓangarorin ruwa ne. Maslama ɗan Abdulmalik ya zo mata da ƙarfin Banu Umayya a 717, ya yi shekara guda, ya koma. Kurum, sarkin Bulgar, ya tsaya a gabanta a 813, ya juya. Toma ya san duk wannan. Abin da ya dogara a kai shi ne mutanen ciki za su buɗe masa ƙofa in sun ga yawan jama'arsa. Ba wanda ya buɗe. Mika'ilu ya kafa tutarsa a kan cocin Bilakarna, wata unguwa da ke bakin ganuwa, ɗansa Tiyofilos ya zaga ganuwa da kayan tsarkinsu ana addu'o'i, mutanen gari suka dake. Harin farko ya watse, iska ta hana jiragensa taɓuka komai, hunturu ya shigo.

Da bazarar 822 ya sake kai hari ta wajen Bilakarna. Mika'ilu ya hau ganuwa da kansa ya yi wa sojojin Toma magana, ya yi alkawarin afuwa ga duk wanda ya dawo. Suka ɗauka tsoro ne ya kama shi, suka saki jiki, sai ya buɗe ƙofofi ya afka musu. A ruwa ma aka ci jiragen Toma. Girigori Biterotos, dangin marigayi Liyo, wanda Toma ya ba shugabanci, ya ga alamar faɗuwa ya nemi komawa wajen sarki; Toma ya bi shi ya kashe shi. Daga nan ya kira sabbin jirage daga ƙasar Girka, an ce 350 ne, ɗauke da hatsi da mayaƙa. Jiragen sarki suka same su a tashar Birida da dare, suka kama wasu, suka ƙone wasu da wutar nan ta Rumawa da ake fesawa ta bututu, wadda ke ci ko a kan ruwa.

Yanzu ku tuna manoman nan. Mutum ya baro gonarsa a Anatoliya da zaton wata uku zai yi ya koma da ganima. Shuka ta wuce, girbi ya wuce, yana kwance a tanti yana kallon dutse, iyalinsa na can ba mai kula da su. Wanda ke cikin birni yana da rumbu da baitulmali, kowace safiya ƙarfinsa na nan yadda yake. Na waje kuwa kullum raguwa yake, kamar gishirin da aka bari a damina. A ganina wannan ne ya kashe tawayen, tun kafin Bulgar su shigo.

Sun kuwa shigo. Umurtag, ɗan Kurum, yana da yarjejeniyar zaman lafiya ta shekaru 30 da ya ƙulla da Liyo. Wajen ƙarshen 822 ya gangaro da dawakansa, dole Toma ya janye daga ganuwa ya tare shi a Kiduktos, kusa da Hirakliya. Ya yi asarar mutane da yawa, ragowar jiragensa kuma suka miƙa wuya ga sarki. Da bazarar 823 Mika'ilu ya fito fili. A Diyabasis Toma ya shirya dabarar gudun ƙarya, a ja abokan gaba sannan a juyo musu. Aka ba da umarnin juyowa, sojoji ba su juyo ba. Sun gaji.

Toma ya shige Arkadiyobolis, garin da ake kira Luleburgaz a Turkiyya yanzu. Mika'ilu bai kai hari ba, ya kewaye garin ya zauna. Wata biyar ana haka, har mutanen ciki suka ci mushen dawakai da fatunsu. A watan Oktoba na 823 sojojin Toma suka ɗaure shi suka miƙa shi don su tsira. Dattijo ne a lokacin, ya kai shekara sittin ko fiye, yana ɗingishi. Mika'ilu ya taka wuyansa a gaban runduna, aka yanke masa hannuwa da ƙafafu, aka tsire shi. Haka aka yi wa Anastasiyos na garin Biziye. Mika'ilu da Toma sun ci abinci a akushi ɗaya a gidan Bardanis, kuma duk sanda na zo wannan wuri sai raina ya ɓaci. Sauran mayaƙan, a yi wa Mika'ilu adalci, bai zubar da jininsu ba; ya zaga da manyansu a filin sukuwa hannu a ɗaure, ya kori wasu daga ƙasa.

Daular ta fita da rai, amma jiragen da suka ƙone a wannan yaƙi nata ne, ko na sarki ko na Toma. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka wasu Andalusawa da suka taso daga Iskandariyya ƙarƙashin Abu Hafs suka sauka tsibirin Kirit suka kama shi, bai koma hannun Rumawa ba sai 961. A 826 kuma wani hafsan ruwa mai suna Yufimiyos ya yi nasa tawayen a tsibirin Sikiliyya, ya nemi taimakon Aglabawa, sarakunan Musulmi na Ƙairawan a Tunisiya ta yau. Wanda ya jagoranci rundunar da ta ƙetara a 827 shi ne alƙali Asad ɗan Furat, almajirin Imamu Malik, wanda malamanmu na fiƙihu suka san sunansa sarai. Yaƙin tsibirin ya ɗauki shekaru 75, har garin Tawurmina ya faɗi a 902. Amuriyya kuwa, garin su Mika'ilu, Halifa Mu'utasim ya rushe ta a 838, a zamanin Tiyofilos.

Zan dakata a nan. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.