Amsoshin Tambayoyinku: Yankari, Burmi da Dajin Kamuku

Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kaduna. Wasiƙar farko ta wata malamar makaranta ce daga Unguwar Dosa. Ta ce ita da maigida da yara uku za su biki Gombe a hutun ƙarshen shekara, suna so su ratsa Yankari, tana kuma tambaya ko akwai wani fagen yaƙi na tarihi da za ta nuna wa yaran.

Malama, kin dace da lokaci. Da rani ciyawa ta bushe, namun daji suna gangarowa kogin Gaji shan ruwa, ganinsu ba ya wuya. In kun bar Bauchi kan hanyar Gombe, a Dindima za ku karkata. Ku kwana a Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, yara su yi wanka a ruwan nan mai ɗumi da ke tsaye a digiri 31 dare da rana, da sassafe kuma ku bi ɗan jagora cikin daji. Giwa sai an taki sa'a, amma bauna da gwanki da gadu ba sa ɓuya sosai. Ki dai riƙa rufe ƙofar ɗaki, don biran wurin har leda suke fizgewa a hannun mutum.

Ɓangare na biyu na tambayarki shi ya fi taɓa ni. In an gama biki, ku roƙi arziki a kai ku Burmi, kusa da Bajoga. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta binsa gari-gari. A Burmi aka tare su. Ranar 27 ga Yuli, 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma a nan ya kwanta. Ɗan Sarkin, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da ragowar jama'a har Sudan, inda zuriyarsu take har gobe.

Ranar da na je, wani dattijo ne ya shige mana gaba. Ba abin da kake ji sai iska a cikin karan dawa. Da muka isa kabarin Sarkin, ya tuɓe takalmi bai ce da kowa uffan ba, mu ma muka tuɓe. Malama, ki gaya wa yaran labarin tun a mota, su san maƙabarta za su shiga, a yi sallama a yi addu'a kafin a ɗaga waya ɗaukar hoto.

Wani ɗalibi daga Kawo kuma yana tambayar ma'anar Dalet, sunan barikin unguwarsu. Ƙanena, sunan wani wuri ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, inda kakanninmu suka gwabza da sojan Japan a yaƙin duniya na biyu. Kalapanzin ma, sunan wani barikin a nan Kaduna, daga can aka ɗauko. Bariki ba wurin shiga kai-tsaye ba ne, amma tambayi tsofaffin gidanku, da wuya a rasa wanda mahaifinsa ya je Bama.

Sai Alhaji daga Rigasa, da ke son kai iyali Kamuku tunda ya fi kusa. Alhaji, gaskiya ne, a Birnin Gwari yake, tun 1999 kuma yake cikin gandayen dajin ƙasa, kuma raina yana sosuwa duk sanda na tuna dajin namu ne. Sai dai ka san abin da yankin ya sha a hannun 'yan bindiga. Kada ka ɗauki iyali sai ka ji daga bakin hukumar gandun da mutanen gari cewa hanya ta yi kyau. Kafin nan, kai su Gidan Arewa, su ga gidan da Sardauna ya zauna har daren 15 ga Janairu, 1966.