Lafiyar Mata daga Gombe: Me Gwajin Jini Ke Faɗa Kan Sanyin da Ya Hau Mahaifa?

Hajiya Rabi: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau muna tare da Dakta Hauwa, likitar mata, da Malam Sani na ɗakin gwaje-gwaje. Likita, mace ta zo da ciwon mara, an ce sanyi ya hau mahaifa da bututun ƙwai. Me ya kawo ɗiban jini?

Dakta Hauwa: Hajiya, gwajin ciki ake fara yi, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kama da wannan ciwo, kuma yana kisa. Sannan a duba CRP, furotin da hanta ke fitarwa in kumburi ya tashi. Cikin awa 6 zuwa 8 yake fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen kwana 2. Mai lafiya ba ta cika wuce miligiram 10 a lita ba.

Hajiya Rabi: To in ya hau, magana ta ƙare ke nan?

Dakta Hauwa: Ina! A nan Gombe da damina, zazzaɓin cizon sauro kaɗai ya isa ya ɗaga shi. Kuma wata tana da ciwon, CRP ɗinta lafiya lau. Hannun likita ne ke yanke hukunci: zafi in an motsa bakin mahaifa, ko an danna gefen mara. Inda CRP ke da amfani sosai shi ne bibiya. Da zarar kumburi ya lafa, kusan duk awa 19 yake raguwa da rabi.

Malam Sani: Shi ya sa na fi yarda da shi a kan ESR, wani gwajin jini da shi ma ke nuna kumburi. A ESR, jini muke tsayarwa a siririn bututu awa 1, mu auna milimita nawa jajayen ƙwayoyi suka nitse. Bututun ya ɗan karkace, ko ɗakin ya yi zafi irin na watan Afrilu, sai lamba ta haura. Ƙarancin jini da juna biyu ma suna ɗaga ta, sikila kuwa tana danne ta. Jinin da ya wuni a kan tebur, gara a sake ɗiba.

Dakta Hauwa: Akwai kuma CA-125, Malam, wani furotin a jini da ake aunawa in ana zargin ciwon daji na ƙwai. Wannan ciwo yana ɗaga shi, sai a tayar wa mace da hankali cewa dajin ƙwai ne. A bari kumburi ya lafa tukuna, a maimaita.

Hajiya Rabi: Magani fa?

Dakta Hauwa: Ba a jiran sakamako. Allurar ceftriaxone sau ɗaya, da doxycycline miligiram 100 safe da yamma, haɗe da metronidazole, kwana 14 cif. Ta dawo bayan kwana 3. In zazzaɓi bai sauka ba, CRP yana nan sama, sai a yi sikanin, ko mugunya ta taru a bututun. Maigida da abokan zamanta ma a duba su, kuma a dakatar da kwanciyar aure har kowa ya gama maganinsa.