Sharhi: Kuɗin abincin yara da haraji ga masu reno a gida a Amurka

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau ya shafi matan da ke karɓar renon yara a gidajensu a Amurka, cikinsu har da 'yan uwanmu mazauna can. Da yawa suna yin asarar kuɗi duk shekara a kan abincin da suka riga suka dafa suka ciyar, don kawai ba a rubuta ba.

Ma'aikatar Noma ta Amurka tana da wani shiri mai suna CACFP, wanda ke mayar wa mai reno kuɗin abincin yara ta hannun ƙungiyar da ta yi mata rajista. Iyakar abin da shirin ke biya wa kowane yaro a rana shi ne cikakken abinci sau biyu da abin taɓawa sau ɗaya, ko cikakken abinci sau ɗaya da abin taɓawa sau biyu. Wasu matan kan guji shirin wai don kada haraji ya hau kansu. Wannan tsoro ba shi da tushe. A ƙa'idar hukumar haraji ta IRS, ana ɗora haraji ne kawai a kan abin da ya haura kuɗin da aka kashe wajen ciyar da yaran. Ko da ma an cire wani kaso, ai ragowar tana hannunki, wadda ta ƙi shiga kuwa ba ta samu ko sisi ba.

Hanyoyin lissafin kuɗin abincin da za ki cire daga ribarki kafin a sa miki haraji biyu ne. Ko dai ki tara rasit, ki ware abincin yaran reno daga na iyalinki, abin da ke da wuyar gaske in tukunya ɗaya ake ɗorawa, ko ki bi tsayayyen farashin da IRS ta amince da shi tun 2003. A lissafin harajin 2024, karin kumallo dala 1.65 ne, abincin rana ko na dare dala 3.12, abin taɓawa santi 93. Alaska da Hawai suna da nasu farashin da ya fi wannan. Hanyar da kika zaɓa ita za ki bi duk shekarar, amma kina iya sauyawa in wata shekarar ta kama.

To, ga inda kuɗin ke zubewa. IRS ta yarda a lissafa wa kowane yaro karin kumallo ɗaya, abincin rana ɗaya, na dare ɗaya, da abin taɓawa har sau uku a rana, wato fiye da abin da shirin CACFP ke biya. Mu ɗauka kina da yara 6, kina aiki kwana 240 a shekara. Shirin ya biya ki karin kumallo da abincin rana da abin taɓawa na hantsi. Da la'asar, kafin iyaye su iso, kika yanka wa yaran ayaba kika zuba musu madara. Babu wanda zai mayar miki da kuɗin wannan, saboda haka ba ki rubuta ba. Santi 93 sau yara 6 sau kwana 240 ya kama dala 1,339. In an cire wannan daga ribarki a Schedule C, fom ɗin da ake bayyana ribar sana'a a kai, harajin masu sana'ar kansu kaɗai, wanda yake kashi 15.3 cikin ɗari, zai ragu da kusan dala 190, ban da harajin kuɗin shiga.

Wadda ke rukuni na biyu na shirin, inda ake biyan kuɗi kaɗan, ita ma da wannan cikakken farashin za ta yi lissafin harajinta. Haka ma wadda ba ta cikin shirin sam.

Sharaɗin dai shi ne rubutu. Ba a neman rasit ɗin cefane a wannan hanya, amma dole a samu sunan kowane yaro, ranakun da ya zo da awannin da ya yi, da irin abincin da aka ba shi da ko sau nawa. A rubuta a ranar, domin lissafin da aka haɗa da ka a watan Afrilu, lokacin miƙa takardun haraji, ba ya tsayuwa gaban mai binciken haraji. A kuma adana takardun aƙalla shekara 3.

Akwai kurakurai biyu da ke jawo matsala. 'Ya'yanki na cikinki ba sa shiga wannan lissafi, haka yaron da ke zaune a gidan, haka ɗan 'yar uwa da kike riƙewa don zumunci ba don sana'a ba. Idan kuɗin shigarki ya sa shirin yana biyan abincin 'ya'yanki, wannan kuɗi ba ya cikin abin da ake sa wa haraji, sai ki nemi ƙungiyarki ta ware miki shi a takardar ƙarshen shekara. Na biyu, farashin nan na abinci ne zalla. Farantan takarda, cokula, kofuna da mazubai ana cire kuɗinsu daban, kuma su kam sai da rasit.