Zabuwa da Gawayi a Gaban Tsohuwar Kyamara

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da hasken, rana a ƙasar nan da rowa take fitowa a wannan watan, abin da ke shigowa ta tagar nan shi ne duk jarina na yau. Wadda kuke gani ta manna hanci a gilashi ita ce Zabuwa, jinsin pointer. Wancan baƙin da ya baje a kafet, ko ɗago kai bai yi ba, Gawayi ke nan, shi kuma labrador ne. Su biyun karnukan farauta ne tun asali, duk da cewa farautarsu ba ta wuce ƙwallo da takalmina ba. Yau hoto zan ɗauke su, kuma da fim.

Ga kyamarar farko, Pentax K1000. An fara ƙera ta a 1976, ba a daina ba sai 1997, shi ya sa har yau take ko'ina. Yawancin jikinta ƙarfe ne. Batirin da ke cikinta ma'aunin haske kaɗai yake ciyarwa, ko ya mutu za ta ci gaba da ɗauka. Sai dai ma'aunin ba shi da makunni, in ka bar ta babu murfi a wuri mai haske, haka zai yi ta zuƙar batir. Fim ɗin da na saka Ilford HP5 Plus ne, baƙi da fari, mai lamba 400, lambar da ke nuna saurin kama haskensa. A ɗaki irin wannan 400 ba ta isa, don haka na saita ma'aunin a 1600, in an zo wanki sai a ƙara masa lokaci a ruwan magani. Hoton zai yi tsaki-tsaki, baƙin ya ƙara turuwa. A jikin kare ni wannan tsakin burge ni yake yi, yana tafiya da gashi.

Filasha kam ba na kunnawa. A bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ke taimaka masa gani da daddare, shi ne kuma ke sa idonsa ya yi ƙyallin kore in ka haska shi. Ga firgita su a banza.

To mu fara da Gawayi, don shi ne mai wuyar. Ma'aunin haske ba ya sanin abin da ke gabansa, komai ya gani so yake ya mayar da shi ruwan toka. Ka cika hoto da baƙin kare, allurar ma'aunin ta ce maka haske ya yi kaɗan, ka buɗe, kare ya fito a koɗe. Ka juya kan Zabuwa mai farin ƙirji, ta ce haske ya yi yawa, ka rufe, farin ya fito da dauɗa-dauɗa. Ni ba na auna jikinsu. Kafet ɗin nan ruwan toka ne, shi nake aunawa a daidai inda karen yake kwance, in Gawayi ne sai in ƙara buɗe ƙofar hasken mataki guda. Fim irin wannan yana yafe maka in haske ya ɗan yi yawa, amma in ya gaza, abin da bai shiga ba bai shiga ba, ko wa zai wanke.

Kun ga yadda na ja shimfiɗarsa ta koma gefen taga? In hasken ya zo masa ta gefe, yana bin kwanciyar gashin, sai ƙyallin kafaɗa da tudun gira su fito. In ya zo daga bayana, dunƙulen baƙi kawai zan samu da idanu biyu. Dubi nan, wajen kunnen, inda gashin ya yi 'yar murɗiya. Wannan nake so ya fito.

Gawayi, karɓi. Madalla. Labrador an raine shi ne ya zauna kusa da maharbi, ya jira, in tsuntsu ya faɗi ya je ya ɗauko ba tare da ya huda shi da haƙori ba. Kakanninsa karnukan masunta ne a Newfoundland, aka kai su Birtaniya a ƙarni na 19 aka gyara jinsin. Shi ya sa in ka ba shi abu ya riƙe a baki, sai ya natsu, yana ganin aiki aka ba shi. Wannan natsuwar ita nake amfani da ita in juya zoben saiti da hannu, tunda kyamarar nan ba ta san saita kanta ba.

A kan ido ake saiti, kuma idon da ya fi kusa da kai. Da gilashin kyamara mai milimita 50, ƙofar haske a buɗe sosai a f/2, kana tazarar mita ɗaya, wurin da zai fito tas bai kai santimita 5 ba. Daga idon karen nan zuwa ƙarshen hancinsa ya fi haka. In ya fuskance ni kai tsaye, ko ido ko hanci, ɗaya zai yi dishi-dishi. Sai dai in rufe zuwa f/4 in samu ɗan sarari, ko in jira ya juya gefe. Saurin ɗauka kuma, mai barci 1/60 na daƙiƙa ta ishe shi, mai juya kai yana son 1/250. Jela kuwa ku ƙyale ta ta yi hazo, ai ba ta taɓa tsayawa ba balle a ce an yi mata ƙarya.

Ya lumshe ido. Bari mu jira. Yauwa.

Ga kyamara ta biyun, Yashica Mat-124G, mai idanu biyu, ɗaya na kallo ɗaya na ɗauka, a kan tsarin Rolleiflex da ta fito a 1929. Fim ɗinta mai faɗi ne, wanda ake kira 120, hoto 12 kacal, kowanne murabba'i. Ta sama ake leƙa ta, kuma nan ne take yi wa waccan fintinkau a harkar kare: ina iya ajiye ta a ƙasa, daidai tsayin ƙirjin Zabuwa, ba sai na kwanta rub da ciki ba, fuskata kuma a buɗe take tana ganina. Ƙarar ɗaukarta ɗan "ƙis" ne, ba kamar Pentax da madubinta ke bugawa har kunnen kare ya motsa ba. Aibinta, hoton da kake gani a juye yake, kare ya yi dama ka gan shi ya yi hagu. Bin mai gudu da ita wahalar da kai ne. Kuma ba ta saituwa a ƙasa da kamar mita ɗaya.

Ba na bin Zabuwa ma. Pointer in ta hango ko ta shinshino tsuntsu, ƙamewa take yi, wuya a miƙe, jela a sandare, sau da yawa ƙafar gaba ɗaya a ɗage, don ta nuna wa maharbi inda yake. Tattabaru na sauka a kan katangar can kusan wannan lokacin, kuma a gefen kujerar nan take tsayawa kullum. Na riga na saita kan ƙafar kujerar, na auna haske, na ɗana. Mai ɗaukar hoto Elliott Erwitt, wanda ya rasu a 2023, ya shahara da hotunan karnuka, shi haushi yake yi musu don su ɗaga kunne. Da Zabuwa ba na buƙata, tattabara za ta yi mini aikin.

Shiru. Kun ji fuka-fuki? Ga ta nan, ga ta nan... ku dubi ƙafar. Na ɗauka. Har yanzu ba ta motsa ba, bari in naɗa in matsa gefe in ƙara ɗaya, a samu layin bayanta da kyau.

Kafin in buɗe bayan kyamarar, abu biyu. Gashin kare yana shiga ko'ina, kuma in sili ɗaya ya maƙale a ƙofar fim, a kowane hoto za ka gan shi a wuri guda, don haka a wani ɗakin nake canza fim, in fara hure cikin da ɗan famfon roba. Gwangwanin fim da ruwan wanki kuma sama nake ajiye su, Gawayi ba ya tambaya kafin ya tauna. Saura hoto uku a Yashica, zan bar su sai yamma in sun gaji sun kwanta tare, sannan mu wanke duka a bidiyo na gaba. Zabuwa, sauka daga kujerar nan!