Kafin ka kai bakin alƙalaminka wajen mai gyara

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka daga nan Jidda. Darasinmu na yau a kan alƙalamin tawada ne, wanda Larabawa ke ce wa ƙalam hibir, musamman bakinsa, wato risha. Wannan da ke hannuna ƙirar kamfanin Pelikan ne, na gaje shi wajen Baba, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu yana kwance a durowa saboda kartar takarda yake yi kamar kaza na tono, kuma abin yana ci mini rai. Makon jiya na karɓo shi daga wajen wani dattijo mai gyara, mai zaman kansa, ba ma'aikacin kamfani ba.

Ƙanena, ɗan matso da wayar su gani. Yawwa. Kun ga bakin a tsage yake gida biyu, kamar haƙora biyu. Ta wannan tsagar tawada ke gangarowa. A can ƙarshe akwai ɗan ƙwallon ƙarfe mai tauri da aka liƙa, shi ne ke taɓa takarda. Wannan baƙin abu mai tsaga-tsaga da ke ƙarƙashi kuma shi ke shayar da bakin. Lambar nan 585 da ke jikin bakin tana nufin zinare ne karat 14, in ka ga 750 to karat 18 ne.

Kafin ka je ko'ina, wanke shi da ruwa zalla, ka zuƙa ka fitar har ruwan ya fito fes. Da zafin ƙasar nan, in ka bar alƙalami a mota tawada na bushewa a ciki, sai ka ɗauka baki ne ya lalace alhali toshewa ce. Kuma don Allah kada a zuba masa tawadar allo. Tana da ƙaro, ƙaron kuma zai liƙe hanyar gaba ɗaya.

To, in ka wanke bai daina karta ba, nan ne aikin mai gyara. Abin da ya fara burge ni da dattijon nan, bai taɓa alƙalamin ba sai da ya ce, "Ɗana, rubuta mini layi uku in gani." Na rubuta boko, ya ce in ƙara da Larabci. Ashe riƙona yake kallo, yadda nake kwantar da alƙalami da yadda nake ɗan murɗa shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa ka je da ƙafarka in da hali. Mu da muke rubutu ta fuska biyu, boko daga hagu, Larabci da ajami daga dama, bakin da ke tafiya sumul a boko yana iya yin tirjiya in aka tura shi ta ɗaya ɓangaren. Wanda bai ga hannunka ba ba zai san wannan ba.

Daga nan ya ɗauko madubin nan irin na masu gyaran agogo, mai ƙara girma sau 10. Ya nuna mini haƙori ɗaya ya ɗara ɗaya tudu, ɗan kaɗan, ido ba ya gani. Gefen wanda ya sauka ne ke kama takarda. Da farce kawai ya daidaita su. Sannan ya zura wani siririn fallen tagulla a tsagar ya share dattin ciki, sai a ƙarshe ya goga bakin sau kaɗan a kan takardar gogewa mai laushi ƙwarai, lamba 12000. Ku lura da jerin: daidaitawa tukuna, gogewa daga baya. Masu gaggawa su kan fara da gogewa a gida, su cinye ƙwallon, ko su mulmule shi har tawada ta daina taɓa takarda a farkon rubutu. Abin da aka goge kuwa ba ya dawowa, sai dai a liƙa sabon ƙwallo, aikin da ba kowane mai gyara ke yi ba.

Akwai kuma fiƙewa, kamar yadda malam ke fiƙe alƙalamin kara da wuƙa ya yanke bakinsa a karkace. Mai gyara zai iya fiƙe maka risha ta yadda jan kwance zai yi kauri, na tsaye ya yi siriri, abin da ke yi wa harufan Larabci kyau sosai. Amma wannan sai baki mai faɗi, siriri ba shi da naman da za a rage. In alƙalamin sabo ne da garanti, fara komawa inda ka saya, domin fiƙewa kan soke garantin. Ni ban bari an fiƙe na Baba ba, ina son ya zauna yadda ya bar shi.

Ka tafi da takardar da ka saba rubutu a kai da tawadarka, ka yi ciniki kafin a fara, kuma kada ka tashi sai ka cika rabin shafi a gabansa. Bari in rubuta Bisimilla ku ji. Kun ji wata ƙara? Babu. Ƙanena, juyo da takardar wajen haske su ga yadda tawadar ta kwanta.