Kadan da ke Bayan Azurfar Rumawa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo game da tsabar azurfar Rumawa, wadda suke kira denariyus.

Na farko, 'yar ƙarama ce, ba ta kai giram 4 ba a zamanin Sarki Agustus, kuma guda 225 ake biyan soja a shekara. A gaba kan sarki ne da sunansa. Amma bayan, jama'a, bayan nake so ku duba.

Ɗan matso da hoton. Me kuka gani? Kada! Kada ne, ga haƙora, ga jela. A shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) Agustus ya ci Masar, abokin gabarsa Antoni da Kiliyofatara, sarauniyar Masar, suka mutu. Bayan shekara biyu aka buga wannan tsaba da kalma biyu kacal, wai an kama Masar. To ina Antoni? Babu shi. Ku riƙe wannan, babu shi. Antoni Barume ne, yaƙin basasa aka yi, kuma mutum ba ya tutiya da jinin ɗan'uwansa. Sai aka ɗora wa kada. Sojan da ke can bakin kogin Rayin a Turai, ko bai iya karatu ba, ya karɓi albashi ya juya ya ga dabbar kogin Nilu, ya san an ci baƙuwar ƙasa. Ba rediyo, ba jarida, labari ya shiga aljihu. Wallahi duk lokacin da na kalli kadan nan sai na jinjina wa wanda ya sassaƙa shi.

Na uku... ko na biyu muke? Lokaci ya ja. Sarakunan baya ma haka suka yi. Sarki Basfasiyan, bayan cin Ƙudus a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa mace zaune tana makoki a bayan tsabarsa, wato ƙasar da aka ci. Sarki Hadiriyan ya zana Afirka mace, da hular kan giwa, kunama a hannu. Sarki Filib Balarabe a 248, bikin cikar Rum shekara 1000, zaki da dorina da...

Na'am, Malama? Tana tambaya ko azurfa ce zalla. Da farko kusan zalla ce. Sarki Nero ne ya rage nauyinta a shekara ta 64, ya ƙara mata tagulla. Na bayansa suka ci gaba, don kuɗin soja ya yi musu yawa. Kafin shekara ta 270 azurfar da ke cikin tsabarsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sai dai a wanke fuskar ta yi fari, ta ɗan zaga kasuwa jan ya fito.