Amsoshin Tambayoyinku: Me ya raba Marner da Toronto?

Masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma kaɗan ne, sai mu fara.

Wata baiwar Allah daga Damagaram na tambaya ko mutum nawa ke buga hoki na ƙanƙara. Hajiya, shida-shida ne kowane ɓangare, har da mai tsaron raga.

Wani daga Kaduna ya ce yaushe rabon ƙungiyar Toronto Maple Leafs da Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada? Tun 1967, malam. Ina jin lokacin ko babanka bai shiga firamare ba.

Sai tambayar da ta fi yawa a wannan mako, har daga ɗalibanmu da ke karatu a Kanada: ƙungiya mai arziki kamar Toronto, me ya sa ta bari Mitch Marner ya koma Vegas Golden Knights a hutun gasar 2025? Rowa ce? Ga abokin aikinmu mai bin gasar NHL. Malam, bismillah.

"To, ai sai an koma baya. Kakar 2004 zuwa 2005 ba a buga ko wasa ɗaya ba, saboda taƙaddamar masu ƙungiyoyi da 'yan wasa. Daga nan aka sa iyakar albashi, dala miliyan 39 a lokacin. Shi kuwa Marner ɗan yankin Toronto ne, tun 2015 ƙungiyar ta zaɓe shi yana yaro, ka ga yadda yake juya sanda yana miƙa wa abokin wasansa Auston Matthews faifan nan da ake bugawa maimakon ƙwallo..."

Malam, gafarta, bari in dawo da mu kan kuɗin. A NHL akwai adadin da ba a yarda ƙungiya ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta gaba ɗaya, komai dukiyarta. In maimaita: komai dukiyarta. A kakar 2024 zuwa 2025 iyakar dala miliyan 88 ce. Mutum huɗu kacal, Auston Matthews da William Nylander da John Tavares da Marner, suka kwashe sama da miliyan 46. Fiye da rabin tukunya kenan a kwanon mutum huɗu, sauran kusan ashirin su raba ragowar. Ina za ka samo ƙwararrun masu tsaron baya da wannan?

Marner ya yi maki 102 a kakar, ya ci 27, ya taimaka aka ci 75. Amma a shekara tara da ya yi musu, sau biyu kawai suka tsallake zagayen farko na wasannin neman kofi na ƙarshen kaka. A Mayun 2025 ƙungiyar Florida Panthers ta lallasa su 6 da 1 a wasa na bakwai mai raba gardama, a Toronto, 'yan kallo na ihu suna jefo riguna kan ƙanƙara. Kwantiraginsa ya zo ƙarshe, Vegas ta ba shi dala miliyan 96 na shekara takwas.

Inda Toronto ta yi dabara, na yaba. Tavares da ke karɓar miliyan 11 a shekara ya yarda ya zauna a kan ƙasa da huɗu da rabi, matashi Matthew Knies kuma aka ɗaure shi shekara shida a kan miliyan 7.75 kowace shekara. Iyakar ma ta ɗaga zuwa miliyan 95.5 a kakar 2025 zuwa 2026, an samu sarari.

Abin da ke ci mini rai shi ne abin da suka karɓa daga Vegas a madadin Marner: Nicolas Roy shi kaɗai. Ɗan wasa ne mai ƙwazo, amma ba zai cike gurbin maki ɗari ba, ko an haɗa shi da Matias Maccelli da Dakota Joshua da suka ɗauko. A ganina sun makara, da tun shekara biyu baya suka yi cinikin, da sun samu riba.

Kai kuma ɗan'uwa da ka rubuto kana kiran Marner maci amana, haba, a bar zagi. Mutum ya cika wa'adinsa ya tafi neman halaliyarsa.

Mai kula da na'ura na ɗaga mini hannu. Sauran wasiƙu sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.